Suna Na Lanƙwasuwa, Lamba Ba Ta Lanƙwasuwa: Daga Fijo Zuwa Wilin Gayu

Da sassafe a tashar mota, a Kano ko Gusau ko Bauchi, tun kafin ka ga motar da za ka hau za ka ji sunanta a bakin 'yan kamasho. Sharon ce ke lodin Abuja, saura mutum biyu. Homa ta cika har ta ɗaga. Ga Golf can mai zuwa Katsina, ga Siyana ga mai son zama a sake. A cikin sunayen nan da wuya ka sami wanda ya yi daidai da abin da kamfani ya rubuta a takarda. Sharon ɗin, a wurin Volkswagen da suka ƙera ta, Sharan ce. Homa kuwa Toyota Hiace ce, ba abin da ya haɗa ta da Hummer ta Amurka sai faɗin ƙirji. Duk da haka ba a taɓa jin fasinjan Abuja ya tsinci kansa a Maiduguri saboda an karya sunan mota ba.

A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo a Abuja, akwai wani rubutun da shi ba ya yafe kuskure. Can za ka tarar da wili, wanda wasu ke ce wa rim, an gwama su kan juna har sun kusa tsawon mutum: masu ruwan azurfa, baƙaƙe wuluk, masu yatsu biyar, masu yatsu goma siri-siri. Saurayi ya sayi Camry ko Accord, 'yan kuɗi sun yi saura, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya cire wilin da motar ta zo da shi ya ɗora na gayu irin na motocin tsere. Zai duba ƙyalli, ya ƙirga huji, ya yi ciniki. Kaɗan ne ke juya wilin su karanta 'yan haruffa da lambobin da aka buga a bayansa, alhali su ne ke faɗin ko zai zauna lafiya a jikin motar, ko kuwa wata rana za su raba hanya a tsakiyar titi.

Mun daɗe muna yi wa juna dariya kan yadda ake faɗin Peugeot da Porsche. Karatun da ya fi cancanta mu dage a kansa shi ne na bayan wili.

Yadda Peugeot ta zama Fijo

Babu motar da dattawan Arewa suka sani kamar Fijo. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a 1972, ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma ba a jima ba 504 ta zama motar gwamnati, motar alhazai, motar haya mai cin dogon zango. A zamanin ne aka buɗe Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, kamfanin manyan motocin Fiat a Kano, da na Mercedes a Inugu. Duk sunan da ya shigo, sai harshen Hausa ya karɓe shi ya gyara masa zama.

Peugeot sunan wani iyali ne a gabashin Faransa da suka fara sana'ar ƙarfe tun 1810, suna ƙera zarto da injin niƙa gahawa kafin su kai ga keke da mota. Bafaranshe ba ya furta harafin ƙarshe na sunan, wasalin farko kuwa sai ya tsuke leɓe kamar zai ce "o" sannan ya ce "e". Hausa ba ta da wannan wasali, sai ta ɗauki mafi kusa da shi. Ba ta kuma raba "p" da "f", domin Bahaushe da leɓɓansa biyu yake furta "f", shi ya sa Fijo da Pijo duk ɗaya ne a kunnensa. Mutanen Nijar da na yammacin ƙasar Hausa, waɗanda "j" ɗinsu ke fita da taushi, su suka fi kusa da yadda ake faɗa a Faransa.

Akwai ƙa'ida a cikin wannan lanƙwasa. Hausa ba ta da "v", don haka Volvo ta zama Bolbo, Vectra ta zama Bektira. Ba ta son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, kuma ta fi son kalma ta ƙare da wasali, sai Land Rover ta koma Landiroba, Mercedes ta koma Marsandi. Motocin Japan kuwa sun shigo kusan ba a taɓa su ba, domin Japananci ma baƙi da wasali yake jerawa bi da bi: Toyota, Honda, Suzuki.

Ga mai son sanin yadda masu abin ke faɗa, Jamusawa "f" suke karanta harafin V, su karanta W a matsayin "v". Saboda haka Volkswagen a bakinsu Folks-vagen ce, wato motar jama'a, BMW kuma Be-Em-Ve. Porsche gaɓa biyu ce, Por-sha, sunan iyalin injiniya Ferdinand Porsche. Renault ita ce Reno, Chevrolet kuma Shevrole, sunan wani ɗan tseren mota haifaffen Suwizalan. Lamborghini da "gi" irin ta "gida" ake faɗa, kuma mai ita, Ferruccio Lamborghini, tarakta yake ƙerawa kafin ya shiga harkar motocin gudu a 1963. Mercedes sunan 'yar wani dillalin motoci ne mai suna Emil Jellinek, aka yi wa sunan rajista a 1902.

Wanda ya fi kowanne shan wuya shi ne Hyundai. A Koriya kusan Hyon-de ake cewa, ma'anarsa zamani. Amurkawa suna cewa Han-de, Turawan Ingila kuwa sun shafe shekaru suna Hai-yun-dai, har kamfanin ya biya kuɗin talla a can a ƙarshen 2022 yana neman su gyara. In haka ne, direban da ya ce Marsandi ba shi da abin jin kunya. Abin da kowace al'umma ke yi wa baƙon suna shi ya yi.

Inda laƙabi ke ƙarewa

Bayan karya suna, muna kuma raɗa wa motoci laƙabi. Accord ta 1998 zuwa 2002 ita ce Bebi-boy, wadda ta biyo ta ita ce Diskoshon, Camry ta 2007 zuwa 2011 kuma Masul. A majalisa da wurin dillalai wannan ya wadatar. A shagon wili bai wadatar ba.

Ɗauki Golf. Suna ɗaya ne, amma yawancin Golf 3 huji huɗu gare su, Golf 4 huji biyar, Golf 5 ma huji biyar amma tazararsu ta bambanta da ta Golf 4, wilin wannan ba ya hawa waccan. Bebi-boy mai silinda huɗu, irin wadda ake kawowa daga Amurka, huji huɗu gare ta, Diskoshon kuwa biyar. Wanda ya je kasuwa da laƙabi kaɗai, ko ya aiki yaro da "wilin Honda", ya bar zaɓin a hannun mai shago. Amfanin sanin ainihin rubutun suna da samfuri da shekarar ƙira ke nan: da su ake duba littafin mota, da su ake bincike a intanet, da su ake odar kaya. Faɗi yadda bakinka ya saba, amma ka san yadda ake rubutawa.

Na zubi da na matsa

Wilin da ƙananan motoci da yawa ke zuwa da shi na baƙin ƙarfe ne, a rufe shi da murfin roba. Wanda ake ce wa aloyi kuwa alminiyum ne aka gauraya da wasu ma'adanai. Ya fi sauƙin nauyi in an ƙera shi da kyau, yana taimaka wa birki ya huce da wuri, ga kyan gani. Daga fagen tsere ya fito: tun 1924 Bugatti ta sa wilin alminiyum a motarta ta tsere, daga baya kamfanoni irin su BBS a Jamus, wanda aka kafa a 1970, da OZ a Italiya a 1971, da Enkei da Rays a Japan, suka mayar da shi sana'a mai zaman kanta. Wani wili da Rays ta fitar a 1996, TE37, mai inci 15 bai wuce kilo 3.7 ba, daga nan ma ya samo lambar sunansa.

Mafi yawan aloyi na zubi ne: a narka alminiyum a zuba a mazubi, kamar yadda maƙeran tukwane ke yi, sai dai da injuna da awo. Na matsa kuwa, dunƙulen alminiyum ake dannawa da injin mai ƙarfin dubban tan har ƙwayoyin ƙarfen su haɗe, sannan a sassaƙa siffar. Ya fi ƙarfi, ya fi rashin nauyi, tsadarsa kuma ta ninka ta na zubi sau da yawa. Akwai na tsakiya, wanda ake zubawa sannan a murza gangarsa da zafi don ta yi siriri da ƙwari.

Abin da ke kasuwanninmu kashi uku ne. Akwai na asali da aka ciro daga motocin Turai da Amurka da Japan, wato 'yan Beljiyam. Akwai sababbi na kamfanonin kirki, su ne mafi ƙaranci. Sai kuma kwaikwayo, masu siffar BBS ko Vossen ko AMG, har da tambarin a tsakiya, amma zubin arha ne. Ba kowane zubi ne mugu ba, motoci masu tsada ma da na zubi suke fitowa daga kamfani. Matsalar na kwaikwayo ita ce an ari siririn zanen da aka yi don ƙarfen matsa, aka zuba shi da ƙarfen da ba shi da wannan ƙwarin. Kyan ɗan maciji ke nan.

Wili na kirki yana ɗauke da sunan maƙerinsa da nauyin da zai iya ɗauka, misali 690KG. Na Japan suna da tambarin JWL, wanda ke nuna ya cika ƙa'idar ƙasar, da VIA, wanda ke nuna wata hukuma daban ta gwada shi. Na Jamus sukan zo da lambar KBA. Masu jabu ma suna buga waɗannan tambura, don haka ganinsu bai isa shaida ba. Rashinsu gaba ɗaya kuwa, ba suna ba lamba, ya isa dalilin barin wili a inda aka gan shi.

Lambobi biyar

Juya wilin ka duba bayan yatsunsa. Za ka ga rubutu irin wannan: 18x8J ET45. Lamba ta farko, 18, girman wilin ce a inci, ita ce kaɗai yawancin masu saye suka sani. Ta biyu, 8, faɗinsa ne, ita ke faɗin irin tayar da za ta zauna a kansa. Tayar da ta yi masa siriri aka ja ta da ƙarfi don gayu, leɓen wilin ya fito tsirara, kowane dutse shi zai fara samu.

Ta uku, ET45, ita ce tazarar da ke tsakanin fuskar da ke manne wa hob da tsakiyar faɗin wili, a milimita. In lambar ta yi ƙasa da abin da motar ke so, wilin zai turo waje, taya ta riƙa gogar bodi a kwana, boris kuma ya riƙa ɗaukar nauyi ta inda ba a tsara masa ba. In ta yi sama da yawa, sai ya shige ciki ya gogi kalifar birki ko shokazoba.

Ta huɗu ita ce ta huji, kuma a nan aka fi samun ɓarna. Ƙirga huji biyar bai isa ba, sai an san faɗin da'irar da suke kai. Camry da Accord mai huji biyar 5x114.3 ne. Mercedes da Golf 5 zuwa sama 5x112. Tsofaffin BMW 5x120. Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008 5x100. Peugeot 206 da 307 4x108. Hilux mai huji shida 6x139.7. Tsakanin 112 da 114.3 milimita 2.3 ne kawai, ido ba ya gani, kuma da ɗan turi wilin Marsandi zai shiga Camry. Sai dai kowane bol zai zauna a karkace, noti ya ɗaure shi a lanƙwashe, duk juyin da taya ta yi tana ƙara gajiyar da shi. Ranar da ɗaya ya karye, sauran ba sa daɗewa. Wasu ma sukan kai wili wurin mai injin huji a faɗaɗa ramukan don ya shiga. Wanda ya yi haka ya lalata wurin da noti ke zama da hannunsa.

Ta biyar ita ce faɗin ramin cibiya. Shi ke zama daram a kan hob don wili ya tsaya a tsakiya. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1, na Mercedes 66.6, na Golf 57.1. Masu ƙera wilin kasuwa sukan yi ramin da faɗi don ya hau motoci iri-iri, sannan a cike gibin da zoben roba ko na alminiyum. Zoben ba shi da tsada, amma sau da yawa ba a sa shi. Sakamakon shi ne sitiyari ya riƙa rawa in an kai gudun kilomita 90 ko 100, a yi balansin sau uku bai daina ba.

Noti ma ba ɗaya ba ne. Akwai mai gindi tsinin mazurari, shi yawancin wilin kasuwa ke so. Akwai mai gindi zagaye, irin na Honda da na bol ɗin Mercedes da Volkswagen. Akwai shafaffe mai washa, irin wanda Toyota ke sa wa aloyinta na asali. In aka ɗaura mai zagaye a ramin mazurari, ɗan siririn layi kaɗai zai taɓa, kuma zai kwance a hankali. Duk wanda ya sauya wili ya tambayi notin da ya dace da shi, ya kuma ajiye tsofaffin a but saboda safaya.

Inci 20 a kan titin ramuka

Da'irar taya gaba ɗaya ba ta son sauyi, domin da ita aka auna agogon gudu da giya da birki. Don haka duk incin da aka ƙara wa wili, daga gefen taya ake zaftare shi. Masul da 215/60 R16 take zuwa. Ma'anarsa faɗin tayar milimita 215 ne, tsayin gefenta kuma kashi 60 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 129. In aka koma inci 18 da 235/45, gefen ya dawo kusan 106. In aka kai inci 20 da 245/35, saura kusan 86. An zubar da sulusin robar da ke tsakanin ƙarfe da bakin rami.

A titin da ya yi sumul wannan yana da amfani, mota takan fi jin sitiyari a kwana, kuma don haka aka yi shi. A hanyar da kwalta ta farfashe, ko a damina da ruwa ke ɓoye rami, tayar takan matse har leɓen wili ya daki bakin kwalta. Sai ka ga ƙulli ya fito a gefen taya, ko wilin ya lotsa ta ciki inda ba a gani. Ƙari a kan haka, babban wilin zubi mai arha yakan fi wanda aka cire nauyi, sai shokazoba da boris su riƙa mutuwa da wuri, mai kuma ya ƙara tafiya. Ba banza ba direbobin haya masu dogon zango suka riƙe wilin baƙin ƙarfe. Ga motar gida da ke bin hanyoyinmu, ƙarin inci ɗaya, ko biyu in an matsa, shi ne iyakar hankali.

Tayar da za a ɗora ma a duba ta. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, kasuwa ta dogara da na waje, ciki har da tsofaffi. A gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma siririyar taya da ta tsufa ta fi kowace saurin fashewa a zafin Afrilu.

A rumfar mai faci

Wili da yawa ba rami ne ya fara ji musu ciwo ba, lebar mai faci ce. Ƙarfen da ake ɓanɓare taya da shi a wilin baƙin ƙarfe, in aka sa shi a leɓen aloyi sai ya kankare fenti ya bar tabo. Mai wilin gayu ya nemi wurin da ke da injin cire taya mai kan roba, ya kuma tsaya a wurin ana yi. In za a yi balansin, a sa dalma mai mannewa ta ciki, a bar mai maƙalewa a leɓe da guduma.

Sai ɗauri. Kowa ya saba ganin yaron shago ya zura bututu a wil-sifana ya hau da ƙafa yana tsalle, maigida na cewa ƙara dai. Kamfani ya ƙayyade ƙarfin ɗaurin: na Camry 103 ne a ma'aunin Nm, na Accord 108, na Golf 120. Yaro mai kilo 60 da ya tsaya a ƙarshen bututu mai rabin mita ya ba da kusan 300, tun bai yi tsalle ba. Wannan ke miƙar da bol har ya yi rauni, ya murƙushe mazaunin noti, wani lokaci ya sa birki ya riƙa karkarwa. Daidai shi ne a goge fuskar hob ta fita daga tsatsa da ƙasa, a fara ɗaura notuna da hannu, a bi su a tsallake-tsallake kamar zanen tauraro, a ƙarasa da sifana mai awo, ba tare da an shafa wa zaren giris ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa, domin sabon aloyi yakan ɗan zauna.

Iska kuma a bi abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wanda ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35 a gejin masu faci. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Siririyar taya ba ta nuna yunwa a ido, tana iya rasa iska mai yawa tana tsaye kamar lafiya lau, don haka geji ɗan ƙarami a aljihun mota ya fi ƙwanƙwasawa da ƙafa.

Wanki

Baƙin da ke taruwa a wilin gaba ba ƙurar hanya ba ce kawai. Garin ƙarfe ne da ke fita daga faifan birki da fad, yana sauka da zafi ya maƙale a fenti. In ya daɗe ya sha danshi sai ya yi tsatsa ya huda fentin. Maganinsa wanki duk mako, tun bai kama ba.

Kada a wanke wili da zafinsa. An dawo daga tafiya, a bar shi ya huce a inuwa, in ba haka ba sabulu zai bushe a kai ya bar zane. A fara da kwarara ruwa kafin hannu ya taɓa, musamman da hunturu, domin ƙurar da ke kwanciya a lokacin tana da yashi, goge ta a bushe kuwa kankara ce. A yi amfani da sabulun wankin mota da soso mai laushi, da ɗan buroshi mai taushi don lungun noti, a kuma ware wa wili bokitinsa da tsummansa, kada garin ƙarfen ya koma jikin mota. A ƙarshe a tsane shi da tsumma, saboda ruwan burtsatse yakan bar fararen ɗigo in ya bushe da kansa. Ɗan man ƙyalli na mota duk bayan wata biyu ko uku yana sa datti ya daina kamawa.

Abubuwan da za a hana masu wankin mota kusantar da su: soson ƙarfe, soda, duk wani ruwa mai asid, fetur da gas, da sabulun gari mai ƙarfi. Soda tana cin alminiyum, tana mayar da gogaggen wili toka-toka. Wili mai sassaƙaƙƙiyar fuska, irin mai sheƙi da baƙin ciki, siririn rufi ne kawai a kansa. Da ya sami ƙarzuna ruwa zai shiga ƙarƙashi ya riƙa yin farin zane mai yaɗo, don haka a rufe tabon da wuri. Mai fenti marar sheƙi kuma ba a goga masa man ƙyalli, zai yi dabbare-dabbare.

Duk lokacin da aka cire tayoyi don juya su, wajen kilomita 8,000 zuwa 10,000, a wanke cikin gangar. Taɓon damina da ya bushe a can yana iya ɓata balansin, kuma a nan ne tsaga ke ɓuya. 'Yan Beljiyam da suka fito daga ƙasashen da ake zuba wa titi gishiri saboda ƙanƙara sukan zo da ci a inda taya ke zama. In taya na sacewa a hankali kuma ba ƙusa, a zuba ruwan kumfa a leɓen wilin a ga inda yake tsattsafowa.

In ya lotsa, in ya tsage

Wilin baƙin ƙarfe in ya lotsa, guduma na gyara shi. Aloyi na zubi in aka dake shi a sanyaye, tsagewa yake yi, ko da tsagar ba ta fito fili nan take ba. Ƙaramar lotsawa a leɓen ciki ana iya miƙe ta a injin da aka yi don haka, a hannun wanda ya iya, sannan a juya shi a ga ko ya daidaita.

Tsaga kuwa wani abu ne daban. Ana gasa aloyi a masana'anta da zafi mai awo don ya yi ƙwari, wutar walda kuma tana warware wannan ƙwarin a kewayen inda ta taɓa. Wili ya tsage a yatsa, ko a ramin noti, ko kusa da cibiya, ya gama aiki, sai 'yan gwangwan. Abin takaici, irinsu ne wasu ke yi wa walda, su goge, su fesa fenti, su mayar kasuwa. Mai sayen na hannu ya shafa cikin gangar da tafin hannunsa, ya nemi tudu ko wurin da fenti ya fi kauri, ya kuma sa a ɗora shi a injin balansin kafin ya biya. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ado kaɗai take ci ba.

Son mota ta yi kyau ba laifi ba ne, kuma wilin da ya dace yana ƙara mata kyau da lafiya. Abin da ya rage shi ne ilimin ya sauka inda ake aikin. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ƙungiyoyin masu faci za su iya sa sifana mai awo da jadawalin huji su zama kayan aikin kowace rumfa, su koya wa yaran shago karanta su kamar yadda suke koya musu lambar sifana. Hukumar SON ta sa ido a kan wilin da ke shigowa babu sunan maƙeri babu awon nauyi. Mai mota kuma, kafin ya nufi kasuwa, ya rubuta lambobin motarsa biyar a takarda ko a waya, ya ƙi karɓar "zai shiga" a matsayin amsa. Ya kira motarsa Fijo ko Marsandi ko Masul, duk daidai ne. Amma 112 ba 114.3 ba ne, kuma iyalin da ke zaune a baya da wannan bambancin suke tafiya.